Tarin da Ya Kori Masu Sayen Wainarmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta tambayar ko lafiya, ku yafe mini. Ina ganin saƙonninku, kunya ce ta hana ni amsawa.

Tarin tibi na yi.

Kamar mura ya fara. Ina tari, ina zufa cikin barci, siket ɗin makaranta ya riƙa zamewa daga ƙuguna. Na yi ta shan maganin kemis. Sai ranar da na ga jini a hankicina na gaya wa Mama.

A asibiti aka ba ni 'yar roba in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirjina. Da sakamako ya fito, likita ta ce, "Ana warkewa, Hafsatu. Amma wata shida za ki yi kina shan magani. Ko kin ji garau, kada ki bari."

Maganin kyauta ne. Hoto da kuɗin mota da abincin da aka ce in riƙa ci, su suka cinye akuyar Mama.

Tun rasuwar Baba, da waina muke ci. Kowace safiya Mama tana suya a ƙofar gidanmu a Nukkai, ni ina zuba miya. Da labari ya bazu, sai mutane suka koma gaishe ta daga tsallaken hanya. Ta rage ƙullu, ta sake ragewa. Abin da ya huce a kwano mu ci da rana, mu ci da yamma.

Ba ta taɓa cewa saboda ni ne ba. Wannan shirun ya fi ciwon ƙirjin damuna.

Ƙwayoyi nake haɗiya kafin karin kumallo. Fitsarina ya koma ja, na tsorata, nas ta ce aikin maganin ne. Duk zuwa asibiti sai an auna nauyina. Da aka sake gwada kaki, likita ta ce ba wanda zai ɗauka daga wurina yanzu.

Amma wa zai je ya gaya wa unguwa?

Wata safiya Goggo Adama, Bafulatana mai kawo nono layinmu, ta sauke ƙwaryarta ta zauna a bencin da ba kowa.

"Ina mai tarin? Fito, ɓingel, 'yata. Ke za ki zuba mini miya."

Na fito, na ɗauki ludayi na zuba mata.

"Tsohona ya yi irinsa," in ji ta. "Ya sha magani, yanzu tuwo ba ya kwana a gidanmu."

Ta juya ta fuskanci titi, tana ci a hankali. Ɗanladi mai keke ya zo wucewa, ta ɗaga murya: "Kai, da wannan gemun naka yarinya kake tsoro?"

Ya yi dariya, ya tsaya. Washegari ya zo da abokinsa.

Alhamdu lillahi, na gama magani, na koma aji. Na gode wa Allah, da Mama, da ma'aikatan asibiti. Goggo, useko, na gode.

Idan tari ya daɗe muku, ku je a gwada kaki, kada ku tsaya a kemis kamar yadda na yi. Wanda ya fara magani ya kai shi ƙarshe. Idan kuma maƙwabci ne ba lafiya, ku tambayi masana kafin ku ƙaurace wa ƙofarsa.

Yau kafin in sa takalmin makaranta, ƙullun Mama ya ƙare.