Yunwa a Gidan Tsohuwar Jamus

Ina aji biyu a jami'a, ina karatun aikin gona, aka zaɓe ni cikin waɗanda za su je Jamus ƙaro ilimin noman rani. Mu mutanen Wurno ne. Albasa da tafarnuwa muke nomawa a fadama, da ruwan da ake sakowa daga dam ɗin Goronyo, don haka kowa a gida ya ce tafiyar ta dace da ni. Sai dai kafin a fara karatun dole a koyi harshensu, kuma makarantar ta rarraba mu gidajen mutanen gari, wai yaren ya fi saurin kama bakinmu. Ni aka kai ni wurin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda ta yi ritaya daga aikin asibiti. Daga ita sai karenta.

Tun a bakin ƙofa muka fara saɓani. Na rusuna na gaishe ta, idona a ƙasa. Ta faɗi sunanta, ta ce da shi zan riƙa kiran ta. Matar da ta girme wa Innata nesa ba kusa ba! Bakina ya ƙi. Na gwada ce mata Mama, ta ce ita ba uwata ba ce. Daga nan in ina son ta juyo sai in yi gyaran murya.

Ranar ta dafa dankali da kifi. Na sha hanya, cikina kamar an yashe rijiya. Ta zuba mini ɗan kaɗan, na share, ta tambaya ko a ƙara. To a gidanmu baƙo ba ya amsa tayin farko. Sai ka ce ka ƙoshi, a ce haba dai, ka sake ƙi, a turo kwanon gabanka har da rantsuwa, sannan ka sa hannu kamar an yi maka dole. Na ce na ƙoshi. Ta ce to, ta rufe tukunyar ta sa a firji. Ina zaune ina kallo.

Na ɗauka kuskuren rana ɗaya ne. Washegari ma haka aka yi. Da ta ga kullum na ƙoshi nake cewa, sai ta rage abin da take zuba mini. Da yamma kuwa ba a ma ɗora tukunya: baƙin burodi mai tauri da cuku, sanyi ƙalau, shi ke nan an ci abinci. Karen nan kuwa ana zuba masa nasa kwano cike, ya ci ya yi miƙa, ya taho ɗakina yana shinshinar dardumar sallata. Ban taɓa zaton zan yi hassadar kare ba sai a gidan nan.

Na kira Inna a waya don in rage zafi.

"Inna, yunwa nika ji."

"Yunwa? Ƙasar Turawa? Mi taka ba ka?"

Na zayyana mata. Ta ce, "Kul ka buɗe baki ka roƙi abinci gidan mutane, ka ja muna abin hwaɗi. Ka yi hanƙuri, baƙo raɓa na."

Na ajiye wayar raina ya fi da ɓaci. Abin da ya riƙe ni shi ne guzurin da goggona ta haɗo mini daga kasuwar Gandi: ƙuli-ƙuli, yaji, kuka da ƙullin daddawa. Ƙulin nake gurgura a ɗaki kamar ɓera, in kora da ruwan famfo. Kuka da daddawar kuwa na ɓoye su a akwati, ina jiran ranar da zan yi ƙarfin halin aron tukunya. Ban lura ba ashe na jingina akwatin da ƙarfen ɗumama ɗaki, daddawa ta ji zafi ta fara sanar da kanta.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da tagar ɗakina a wangale, akwatina a buɗe. Tsohuwar ta tare ni da guntun Turancinta, ta ce wani abu ya ruɓe cikin kayana, ta zubar, kuma daga yau ba a ajiye abinci a ɗakin kwana. Na fita da gudu wurin kwandon shara. Motar shara ta riga ta kwashe. Na tsaya cikin yayyafi ina kallon kwandon. Abu ya ƙetare hamada da teku lafiya, ya zo ya ƙare a juji. Kuma a buɗe mini akwati ba na nan!

Na yi irin fushinmu, na shiru. In gaishe ta, in ci abin da aka ba ni, in shige ɗaki. A zatona kowane babba zai gane an ɓata wa yaro rai.

Ba a jima ba malamar da ke kula da baƙin ɗalibai ta kira ni ofis. Ashe tsohuwar ta kai ƙarata. Wai na tsani abincinta, ba na kallon fuskarta in tana magana, ba ta sani ba ko ciwo nake ko wani abu nake ɓoyewa. Ni da ake hora da yunwa, ni ne kuma mai laifi! A nan bakina ya buɗe, na amayar da komai, har batun kare. Malamar ta saurara har na gama.

"Ka taɓa gaya mata ɗaya daga cikin waɗannan?"

"A'a."

"To ta yaya za ta sani?"

Wannan tambaya ta fi komai ƙona mini rai. Na ce a sauya mini gida. Ta ce babu wani sai bayan hunturu.

Washegari da rana tsohuwar ta dafa taliya. Da ta tambaya ko a ƙara, na runtse ido na ce e. Ji na yi kamar an kama ni da sata a kasuwa. Ta ƙara, na cinye, ta sake ƙarawa, har cokali ya fara kankarar gindin tukunya. Ta ajiye nata cokalin tana kallona.

"Kullum haka kake jin yunwa?"

"Kullum."

Na zaci tausayi zai biyo baya. Ina! Fuskarta ta yi ja, ta ce ashe ƙarya nake yi mata tun ranar da na zo. Kunyar da aka raine ni da ita, wadda Inna ke alfahari da ita, ita ce aka kira ƙarya. Na yi ta kame-kamen bayani, Jamusancin bai kai ba, Turancin bai isa ba. Batun daddawa kuwa ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ce hancinta ya yi shekaru a asibiti, ta san warin ruɓa in ta ji shi.

Duk da haka ranar Asabar ta ɗauke ni a motarta zuwa wani kantin Turkawa a garin da ke gaba. Muka samo kuɓewa ɗanya da wani gari mai kama da na alkama. Na tuƙa tuwo ya yi gudaji, miya kuma ta fito salam. Ta ɗanɗana loma ɗaya ta ce gaskiya ba ta so, amma in riƙa dafawa duk Asabar, muddin zan wanke tukwanen.

Ina cikin wankin tukwanen ne kawuna na garin Rabah ya kira ni a waya.

"Ɗan Turai! An ce kana can kana shan daɗi, ka mance da mu. In ka tashi tahowa ka duba muna injin ban-ruwa mai ƙarhi, irin nasu na can."

Na dubi hannuna cikin kumfa, na dubi ruwan da ke zuba a waje ba ƙaƙƙautawa. Na ce, "To, Kawu, in sha Allahu."