Tsutsar da Ta Auna Min Fili a Tagwai

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, shekarun baya da nake noman rani a bakin dam ɗin Tagwai, nan Minna. Barkono na dasa, ya kama, sai na fara zuwa da safe ina tarar da shukar a kwance, an datse ta daga gindi kamar da reza.

Zargina ya tafi kan maƙwabcin gonata, Baba Yohanna, don mun taɓa sa-in-sa kan ruwa. Na same shi na faɗa masa magana. Bai yi fushi ba, ya zo ya tona gindin shuka guda da yatsa, ya fito da wata tsutsa mai ruwan toka, ta nannaɗe kamar zobe. Ya ce, "Ga ɓarawonka, ɗana. Da rana tana cikin ƙasa."

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, na ce ko shi ya zuba min tsutsotsin. Na sa guda a kwalba da ƙasa har ta rikiɗe ta yi fukafukai, launin ƙasa, da ɗigo baƙi kamar ƙoda a kowane ɓangare. Na kai wa wani malamin gona, ya juya kwalbar, ya duba wayarsa, ya ce irin wannan a ƙasashen sanyi aka san ta, alkama da ciyawar can take ci. Ya tambaye ni, "Malam, tsakaninka da Allah a ina ka samo ta?"

Da na koma sai na hau tudun da famfon ban-ruwa yake na kalli gonar daga sama, abin da ban taɓa yi ba. Inda aka yanke ɗin ba a warwatse yake ba. Kusurwa huɗu ne cif, tsawon mutum a kwance, kamar an auna kabari, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba a wajensa.

Na kira Baba Yohanna. Ya daɗe yana kallo, ya cire hularsa, ya ce, "Kada ka ƙara sa fartanya a nan." Na tambayi dalili, ya koma bakin aikinsa.

Ban ƙara ba. Wanda ya karɓi filin bayana ma, an ce daidai wurin aka yanke masa albasa.

Don Allah, in za ku kama gona a inda ba ku sani ba, ku tambayi tsofaffin wurin me ke ƙasa kafin ku dasa.