Duwatsu huɗu a tafkin Lagdo

Jama'a, yau saura ƙiris ku je gidanmu gaisuwar mutuwa!

Ni da Yaya Sani muka aro irin motar nan mai gado a ciki, muka baro Garwa, za mu kwana biyu muna bin gaɓar tafkin Lagdo. Da la'asar muka samu wani fili mai kyau. Ciyawa gajera kamar an aske, hanya ta gangara har ruwa, ga wasu baƙaƙen duwatsu huɗu a cikin ruwan. Yaya ya ce, "Nan za mu sauka!"

Har na shimfiɗa tabarma na ɗora shayi, sai ga wani tsoho masunci, ko sallama babu.

Ya ce, "Samari, wa kuke tsammani ya aske muku ciyawar nan?"

Yaya ya ce, "Shanu mana, Baba."

"Kun ga kashin saniya ko ɗaya? Wurin kiwon dorinai ne. Rana na faɗuwa, ta kan tabarmar nan suke fitowa."

Yaya ya tuntsire da dariya, wai tsorata baƙi ne kawai. Ni kuwa na waiga ruwa.

Duwatsun nan huɗu, wallahi saura ɗaya! Shi ma ya matso, yana kaɗa kunne.

Butar shayinmu tana can a kan wuta. Mai so ya je ya ɗauka.