Ranar da na kasa cewa ban sani ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Habu ya zo ofishina ba, wata Laraba bayan azahar, 'yan shekaru bayan ruwan madatsar Tiga ya tashe su daga ƙauyensu. Lokacin ina mataimakin firinsifal a wata sakandaren kwana a yankin Tudun Wada, kuma ni ke kula da fom ɗin shiga jami'a na 'yan ajin ƙarshe.

Ku malaman yanzu ba ku tarar da tsarin ba. Jami'a kan aiko ɗan littafi mai jerin kwasa-kwasanta. Ɗalibi ya zaɓa da fensir, uba ya zo a karanta masa ya dangwala yatsa, sannan in bi da biro in buga hatimi. Da zarar biro ya hau, magana ta ƙare.

Sale ɗan Malam Habu kuwa, wallahi ban ga kai irin nasa a lissafi ba. Malaminsu na lissafi, wani Ba'indiye, shi ya nuna masa sabon kwas a can ƙasan shafi, lissafi haɗe da kimiyyar kwamfuta. Sale ya sa shi zaɓi na farko. Ranar da uban ya zo, Ba'indiyen ya tafi Kano taro.

Dattijon ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, muka gaisa, na karanta masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mece ce ita kwamfutar nan?"

Ni ko a hoto ban taɓa ganinta ba. Amma ga ƙananan malamai biyu sun zuba mini ido, ga dattijo yana ce mini ranka ya daɗe. Sai girman kai ya kwashe ni. Na ce, "Wata irin tafireta ce ta zamani, Baba."

Sai ya ce, "Wato akawu zai zama? Ruwa ya ci gonata, ya ci kabarin mahaifina. Shekara goma sha biyu ina haƙuri da rashin yaron nan a gida, ashe a buga takarda zai ƙare."

Sale ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa hannu. Sai Sale ya dube ni, ni kuma na dubi fom. Na goge fensir, na rubuta kwas ɗin aikin gona a gurbinsa, na bi da biro.

Da shekara ta zagayo aka tura ni kwas a jami'ar. Aka shiga da mu wani ɗaki mai sanyi, ga kwamfutar nan, na'ura ce da ta cika bango, ana cusa mata katuna masu huji tana warware lissafin wata guda kafin a sha shayi. Malamin wurin ya ce mini, "Ku turo mana yara masu lissafi mana, kujerunmu babu kowa." Nan na tuna da fom ɗin Sale.

Sale ya zama malamin gona a Doguwa, ya yi aikinsa da gaskiya, kuma duk Sallah sai ya zo gaishe ni. Sai da furfura ta fito masa na iya neman gafararsa.

Ya ce, "Na yafe tuntuni, Malam. Ai tun ranar na san ba ka sani ba. Na zaci za ka ce a dakata Ba'indiyen ya dawo. Kwana uku ne fa kawai."

Har yau maganar nan tana ci mini rai. Mutanenmu ba sa musu da malami, abin da ya faɗa shi suke dangwala wa yatsa. Don haka in an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ajiye biron.