Jar igiyar kwalekwalen Dachung

Atine ba ta iya ganin abu yana reto ta ƙyale shi. Shekara goma sha ɗaya muna aikin jinya tare a wani gidan kula da tsofaffi a Alexandria ta Amurka, ban taɓa ganin bakin zanen gado ya leƙo a ɗakin da ta gyara ba. A makarantar kwana a Jos ta koya, inda ake bulala a kan gadon da bai miƙe ba. Ko ni, in gefen mayafina ya sauko, sai in ji hannu a kafaɗata. Na sha ce mata, "Yaya Atine, wata rana harshen mutum za ki soke masa cikin baki." Ba ta dariya, sokewa kawai take yi.

Mijinta Dachung injiniya ne. Da girma ya zo masa sai ya tsiro da tuƙa kayak, siririn kwalekwalen nan na mutum ɗaya, a kogin Potomac. Mutumin duwatsu, wai shi da ruwa! Akwai wani siket na roba da matuƙi yake sawa a ƙugu, a ɗame shi a bakin ramin da yake zama don kada ruwa ya shiga. A gaban siket ɗin akwai maɗaukin jar igiya. Duk Asabar Atine take raka shi gaɓa ta taya shi ɗame robar, kuma duk Asabar sai ta tura igiyar ciki. Ya taɓa fara yi mata bayani, ta ce ba ta da lokacin lacca. Tun daga nan sai dai ya ce, "Na gode, Mama," in ya ɗan yi nisa ya ɗaga robar ya fito da abarsa.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi a watan Fabrairu, yana zaune yana kallon ƙwallo. Atine ba ta yi kuka ba. Bayan sati biyu ta dawo aiki. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ba ta tambaya. Ta ce da ni ji take kamar an yi mata allurar kashe zafi tun daga wuya har ƙasa. Na ji tsoron maganar nan, don ban san ko tana son ci gaba da rayuwa ba.

Wata Asabar a watan Yuni ta ɗora kwalekwalen a kan mota ta tafi kogi ita kaɗai, da ɗan tuƙin da ya koya mata sau biyu. Ta sa siket ɗinsa, ta ɗame, ta soke igiyar. Ba ta yi nisa ba wani jirgi mai inji ya wuce, ruwan da ya taso ya kife ta.

Ranar Litinin, a ɗakin ajiye zannuwa, ta ba ni labarin tana ninke tawul. Kanta a ƙasa, ruwa kore, ba ƙara ko ɗaya. Ta yunƙura, robar ta riƙe ta gam. Ta shafa gaba, sumul, babu abin kamawa. A nan ta gane amfanin igiyar: ita ake ja robar ta saki mutum.

"Na ce, to, shi ke nan. Ban ji tsoro ba, Sailuba. Ban ji komai ba."

Hannuwanta ne suka koma gefen ƙugu, inda robar ta fi saki, suka tsunkule ta suka ɓare bakin, yadda muke cire zanen gado mai roba daga katifa sau ashirin a yini. Ta sulale ta fito, rigar ceto ta taso da ita, wasu masu kamun kifi suka ja ta gaɓa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya Atine, don girman Allah! Da kin mutu fa? Ni zan buga wa 'ya'yanki waya in ce me?"

Ta ajiye tawul ɗin, rabinsa yana reto daga bakin tebur, ba ta gyara ba.

"Shekara shida ina soke masa igiyar nan," ta ce. "Da ya manta rana ɗaya bai fito da ita ba, ni ce na kashe shi. Kuma kullum sai ya ce ya gode."

Sai ta zauna a kan kwandon wanki. A nan na fara ganin hawayenta tun Fabrairu, na tura ƙofar na rufe.