Sulen da Aka Liƙa Mini a Goshi

Ni dai ban nemi abin nan ba, Allah ne shaidata. Shekarar da za a ba ƙasar nan 'yancin kai ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, sai wata rana mota ta sauke mana wani ƙaton akwatin katako da wani Baturen gona ya bari da zai koma ƙasarsu. Fiyano sunansa, amma mutanen gari molon Nasara suke ce masa. Hedimasta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunda ni ne ƙarami, ni zan koyi kaɗa waƙar kishin ƙasa da yara za su rera ranar biki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka fa san ɗan wane ne ni." Ya ce, "Haba Malam, wannan ai ba kiɗa ba ne, aikin hukuma ne."

Mahaifina limami ne a wata unguwa a Kurfi, kakana ma haka. A gidanmu ko ƙwarya ka ƙwanƙwasa da yatsa sai an tambaye ka ko maroƙa ne suka haife ka. Tun ban fara gemu ba, in ciwon ƙafa ya kayar da shi, ni yake turawa in ja sallah, kuma kowa ya san bayan ransa wurin nan nawa ne. Bokon ma da ƙyar ya bar ni na shiga.

Wani malamin asibiti, mutumin kudu, shi ya koya mini, kullum bayan la'asar. Ya sa alli ya yi wa haƙoran abin lamba. Uku daga cikinsu matattu ne, ɓera ya cinye cikinsu, in ka danna sai ka ji ƙwas kawai. Hannun dama bai ba ni wuya ba. Hagu ce ta ƙi. Hannun da tun ina yaro ake buge mini shi in na miƙa wa mutum abu, yau shi ake so ya yi tafiyarsa daban? Mutumin nan ya yi ta faɗa, ni ma ina mayar masa, don ba ni da haƙuri. Amma ranar da hannayen biyu suka haɗu, waƙar ta fito tun daga kai har gindi. Na so abin nan ƙwarai. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na roƙi hedimasta a bar fiyanon cikin aji, a buɗe taga, a ji sauti ba a ga mai yi ba. Ya ce to. Ranar biki ina zuwa na tarar an fito da shi gindin bishiya, gaban jama'a. Kai, mutumin nan ya cuce ni!

Na zauna, yara suka ɗauka. Muna tsakiyar baiti na biyu sai wani falken shanu ɗan garinmu, daɗi ya kwashe shi, ya ratso taro ya liƙa mini sule a goshi, yadda ake yi wa makaɗa. Mata suka rangaɗa guɗa. Hannayena duka biyu suna kan aiki, in na ɗaga ɗaya yara za su ɓata. Zufa ta riƙe sulen nan. Haka na kai ƙarshen waƙa da shi a goshina, kowa yana kallo. Falken ba da mugunta ya yi ba, amma har ya mutu ban ƙara amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba.

Labari ya riga ni isa Kurfi. Na tarar da Baba a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "An ce an liƙa maka."

Na ce, "An liƙa, Baba."

"Ka cire?"

"Hannuna na kan aikin hukuma."

Ya ce, "Wanda aka liƙa wa, mi sunanshi?"

Ni da shi mun san sunan: makaɗi. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Da aka kira magariba ƙafarsa a kumbure take, na miƙe zan wuce gaba kamar kullum, sai ya nuna wani ɗalibinsa da sanda. Na koma sahu na biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban ƙara taɓa fiyano ba. Na kai ƙara wurin kawuna, na tura dattawan unguwa. Duk wanda ya je sai Baba ya ce shi ai ba ya fushi da ni. Muna cin tuwo kwano ɗaya, yana tambayata lafiyar iyali. Na ɗauka shekaru za su wanke abin.

Bayan shekara shida ya rasu, da damina. Na baro Dutsin-Ma a kan keke, na iske an gama suturce shi, an ajiye makara a ƙofar gida, an yi sahu. Ni ne babban ɗansa, na nufi gaba in ja sallar gawa. Kawuna ya riƙe hannun rigata, ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, ɗana. Ya bar wasiyya."