Ranar da Mama Arlys ta hana ƙari

Surukata Arlys Tollefson shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa yaran makarantar garinmu abinci, a nan arewacin Minnesota, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa auna komai ba. Hannunta ne mudunta. In an yi rasuwa ko haihuwa, kafin ka ankara ga ta a bakin ƙofa da tasar gilashi naɗe da tawul: niƙaƙƙen nama a ƙasa, dankali a sama, sunanta manne a gindin tasar don kada ta ɓata. A teburinta kuwa ba a ƙoshi. Kana cikin cewa "ya isa, Mama", ludayi ya riga ya sauka a farantinka.

Wannan halin ne ya haɗa mu. 'Yata Maren tana shekara shida farfaɗiya ta kama ta, magunguna suka gaza. Likitoci suka ɗora ta a kan abincin kito: mai da yawa, nama kaɗan, ba dankali, ba fulawa, ba sukari, komai sai an ɗora a sikeli. Wata biyu ba ta faɗi ba. Amma sun ja mana kunne, cokali ɗaya na ganganci zai iya dawo da ciwon.

Ni kuma bakina ba ya riƙe magana. Na ce, "Mama, Maren ta daina cin abincinki. Na san hannunki."

Lahadi takwas muna zuwa gidanta da abincin yarinyar a 'yar roba, ita kuma tana zuba wa kowa ta tsallake jikarta. Wallahi abin ya dame ni, amma tsoro ya fi ƙarfina.

Wata Asabar ta kira ni. "Joelle, ki zo da takardar likitan nan taki. Ki zo ki tsaya a kaina."

Na tarar da sabon sikeli a kicin, ita kuma da tabarau a kan hanci. Farin kabeji ta sa a madadin dankali. Nama, alayyafo, cuku, man shanu, kowanne ta auna shi giram-giram tana mita.

"Wannan ai ba girki ba ne, aikin kantin magani ne."

Sai romon ya yi ruwa-ruwa. Muna cikin hira hannunta ya tafi gwangwanin fulawa da kansa, ya barbaɗa.

"Mama!"

Ta tsaya tana kallon yatsunta fari fat. Ɗan kaɗan ne fa, bai kai rabin cokali ba. Matar da ke wanke leda ta shanya don kada ta yi asara, ita ce ta juye kaskon nan gaba ɗaya a shara. Ta miƙo mini gwangwanin.

"Kai shi motarki. Kada in sake ganinsa."

Ta ɗauko wani naman ta fara daga farko.

Ranar Lahadi ta gasa na Maren daban a 'yar tasa, da sunan yarinyar manne a gindi. Maren ta cinye tas, har da kankare cukun da ya kama gefe. Sai ta tura tasarta wajen babbar tasar dankalin da ke tsakiyar tebur.

"Kaka, ƙara mini."

Na ga hannun Mama ya kai kan ludayi. Mijina Darrel ya daina tauna.

Ta janye hannun ta ɗora a cinya. "A'a, ƙawata. Naki ke nan yau."

Maren ta turo baki. "Kaka ta zama marowaciya!"

"Na zama ɗin. Ki dawo wani satin ki sha rowa."

Ta tashi ta shige kicin ta buɗe famfo. Na bi ta, na same ta tana share hawaye da tawul ɗin kwanuka. Ban taɓa jin ƙaunar matar nan kamar ranar ba.

Na ce, "Mama, ranar Laraba ina aiki har yamma. Ki ɗauko ta daga makaranta, ta ci abinci a nan."

Ta juyo. "Ba sai kin tsaya a kaina ba?"

"Ba sai na tsaya ba, Mama."